Mutumin da Hayaƙinsa Ba Ya Sa Tari

A wani ƙauye na bakin kogi an yi wani mutum mai suna Arzika, sana'arsa bandar kifi. Masunta su kamo, shi ya karɓa ɗanye, ya jera a kan ragar ƙarfe bisa murhun laka, ya hura wuta a ƙasa, hayaƙi ya yi ta bugun kifin har ya bushe ya yi ƙamshi, sa'an nan a kai kasuwa. Murhu goma sha biyu gare shi a jere a bayan gida, shekara talatin ba su taɓa yin sanyi gaba ɗaya ba.

Arzika kuwa yana da wata magana da yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. Yakan ce, "Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa ɗan Adam tari ba. Hayaƙina ba irin na mutane ba ne. Da ya fito daga murhu sai ya miƙe sak, ba ya leƙa gidan kowa, har ya shige gajimare." In ya ga mai sauraro bai yi gardama ba, sai ya gyara zama ya ƙara da cewa, "Wata shekara da idona na ga shamuwa ta sauka a kansa ta huta. Ta ɗauka giginya ce."

Masu sauraro sukan ce, "Ikon Allah!" Sa'an nan su juya gefe su yi tari.

Ƙauyen nan a cikin kwari yake, dutse a dama, dutse a hagu, kogi a gaba. Iska ba ta cika ratsa shi ba. A zamanin iyaye murhu uku ne kawai a garin, hayaƙinsu kafin azahar ya watse. Amma kifi ya yi kasuwa, murahu suka yi ta haihuwa har suka kai ashirin da huɗu. Sha biyu na Arzika. Shida na wani mutum mai suna Korau, wanda ya shigo sana'ar shekara biyar da suka wuce, ya kuma shigo ta da ƙarfi. Sauran shidan na gidaje shida ne, kowane gida da guda ɗaya.

Sai ya zama hayaƙi yana kwanciya a kan garin kamar murfi a bakin tukunya. Mace ta shanya farin zane, ta kwashe shi ruwan toka. Ƙudan zuma suka bar amya suka yi gaba. Idon kowa ja wur kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ran Lahadi mata masu waƙa a majami'a ba sa kai ƙarshen baiti sai tari ya raba musu shi biyu.

Da abin ya ishi mai gari, sai ya tara jama'a a gindin ɗorawa. Ya ce, "Wa ya yarda a rage hayaƙin nan?"

Babu hannun da bai tashi ba. Arzika ma biyu ya ɗaga.

Mai gari ya ce, "Madalla. Na zauna da dattawa mun duba, kwarin nan ba ya ɗaukar fiye da murhu sha shida. Takwas za su mutu. Abin da ban sani ba shi ne na wa da na wa."

Nan take hannuwa suka koma cikin riguna.

Arzika ne ya fara miƙewa, gama ba ya son wani ya riga shi shimfiɗa magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai abin ya zo da sauƙi. Gida nawa ke banda a garin nan? Takwas. Murhu nawa ake so su mutu? Takwas. To, kowane gida ya kashe ɗaya. Ba babba ba ƙarami, ba sani ba sabo. Ni ma da kaina ban cire kaina ba, ko da yake kowa ya san nawa hayaƙin ba ya damun kowa."

Waɗansu suka gyaɗa kai, domin maganar ta yi daɗin ji.

Akwai wata gwauruwa a wurin mai suna Marka. Gidanta ne na ƙarshe a gangare, inda hayaƙin gari duka yake gangarawa ya kwanta. Murhu ɗaya gare ta, da shi take ciyar da kanta da uwar mijinta, tsohuwa makauniya. Ta ce, "Maigida Arzika, ni kaina ba ya ja da sauri. In ka kashe ɗaya, saura nawa a wurinka?"

Ya ce, "Sha ɗaya."

"Ni in na kashe ɗaya fa?"

Arzika ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ke kuma kin huta da hayaƙi ke nan."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba, gama mutum shida a wurin sun lissafa abin da ya rage musu.

Korau ya tashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙirga bakuna, a bar ƙirga gidaje. Mutum arba'in ke cin tuwo a gidana. A gidan Arzika mutum shida ne, kowane ɗaya murhu biyu ke masa aiki, har da jaririyar da ba ta da haƙori. Kuma ni jiya-jiya na fara. Shi ya shekara talatin yana hurawa, ya yi soro, ya yi rufin kwano. Ni da na fara ganin kwanon a mafarki sai a ce in zuba wa wutata ruwa?"

Arzika ya ce, "Hayaƙin bara ya tafi da bara. Maganar yau ake yi. Wa ke gina sabon murhu kowace kaka? Ni ne?"

Sai wani tsoho mai suna Baba Ranau ya ɗaga sandarsa. Sai da aka jira shi ya gama tari kafin ya ce, "Bai tafi ba, ɗana. Ga shi nan a ƙirjina yana zaune. In kana so ku gaisa, matso." Ya nuna dutsen da ke bayan gidan Arzika da sandar. "Wancan ma ina yaro fari ne."

Arzika ya ce, "Baba, lokacin da na fara, wa ya san hayaƙi yana cutarwa?"

Wata mata daga baya ta ce, "Shekara goma ke nan muna faɗa maka!"

Daga nan magana ta watse. Wani ya ce shi zai kashe nasa in Korau ya kashe. Korau ya ce zai kashe in Arzika ya fara. Wani ya ce a ƙyale masu murhu ɗaiɗai, ba su ne suka jawo abin ba. Wani ya amsa masa cewa masu ɗaiɗain nan ɗanyen itace suke hurawa don sun rasa busasshe, murhunsu ɗaya yana hayaƙin uku. Marka ta sunkuyar da kai, domin gaskiya ne. Wani kuma ya ce a bar wa Allah, in ya ga dama ya aiko da iska. Kowa ya kawo ma'auni, kowane ma'auni kuwa da an auna sai a ga ya tsallake gidan wanda ya kawo shi.

Da rana ta take, mai gari ya gaji. Ya ce, "Na ba ku kasuwa huɗu. Mai niyyar kashewa don kansa ya kashe. Ran kasuwa ta huɗu zan zaga da ƙafata. Gidan da na tarar hayaƙinsa ya fi na kowa, zan rushe murahunsa duka, mai gidan kuma ya bar banda a garin nan har abada."

Arzika ya koma gida tuwo ya ƙi shiga. Abin da yake faɗa a waje daban, amma shi ya san inda hayaƙinsa yake zuwa, gama matarsa ma da tari take tashi. In mai gari ya zaga, ba sai ya yi nisa ba. Ya kwana uku yana juya abin. A rana ta huɗu aka gan shi ya fito yana murmushi.

Ya aika aka kira makaɗi. Da hantsi, gari duka na kallo, ya sa aka cire ragar ƙarfen murhu takwas aka jingine a hankali, sa'an nan ya ɗauki gatari da hannunsa ya rushe lakar ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka shafe bangon gidansa da farar ƙasa. Ya hau kan tarkacen ya ce, "Takwas aka nema, ga takwas, daga gida ɗaya. Ban jira kowa ba. Wanda yake ƙaunar garin nan ya yi koyi da ni."

Mata suka rangaɗa guɗa. Baba Ranau ya sa masa albarka. Korau ya duba ya ga an cika takwas ɗin ba da nasa ba, ya ce lalle Arzika dattijo ne, ya koma gida ya ƙara wa wutarsa itace.

Washegari Arzika ya gangara gidan Marka. A bayan gidanta akwai wani fili da ya miƙe har bakin ruwa, gamba ta kewaye shi, ba a ganinsa daga hanya. Ya yi sallama, ya gaida tsohuwa, ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "Marka, maganarki ta ranar nan ta tsaya mini a rai. Mace ita kaɗai da murhu ɗaya! Ga ƙarafan murhu takwas can a jingine suna tsatsa. Zan sa a gina su a filin nan naki. Masunta su riƙa sauke kifina a gaɓarki, ke ki riƙa kula da wuta, in ya bushe kwalekwale ya haye da shi kasuwar ƙetare. Kawunan kifin da duk wanda ya karye naki ne. Itacen murhunki ma a cikin nawa."

Marka ta ce, "Hayaƙin fa?"

"Ai nawa ne. Kin san halinsa, miƙewa yake."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ran zagayen mai gari fa?"

"In ya rage kwana biyu sai mu kashe wutar, mu rufe murahun da zana. Ko da wata magana ta taso, ina nan, ni zan tsaya miki. Sai dai abu ɗaya: kada ki faɗa wa kowa kifin nawa ne. Ba na son a yi ta yabona. Yabo yana rage lada."

Marka ta dubi rumbunta, ta san abin da ke ciki. Ta dubi tsohuwa. Ta ce, "To."

Haka aka yi. Murahu takwas suka tashi a bayan gamba, wuta ta kama. Kifin Arzika bai ragu da ko ƙaya ɗaya ba. Bangon gidansa kuwa fari tas, har baƙi na tsayawa su kalla.

Amma gari bai daina tari ba. Mutane suka ɗaga kai suka ga daga ina baƙin hayaƙin yake tasowa yanzu. Aka fara magana a bakin rijiya. Mata suka daina amsa gaisuwar Marka da sakin fuska. Aka zo aka sami Arzika a inuwar farin bangonsa aka ce, "Ka ga abin da matar nan take yi?"

Ya girgiza kai a hankali. Ya ce, "Ni ma abin ya ba ni mamaki. Tsofaffin ƙarafana na ba ta don tausayi, ko ta yi shingen kaji. Ina na san za ta hura su duka? Su ƙananan nan, da sun sami dama, ba sa tuna jama'a." Ya faɗi haka sau ɗaya ya ji nauyi. Ya faɗa sau biyu nauyin ya ragu. Kafin kasuwa ta uku har haushin Marka yake ji da gaske.

Saura kwana biyu zagaye, ranar da aka shirya kashe wuta, sai ruwan kogi ya ja da baya farat ɗaya, kifi ya taru a gurbi. Masunta suka dawo kwalekwale har yana shan ruwa. Tarwaɗa kamar cinyar ƙato, karfasa ba a magana, ga wata giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauko ta. Rabon da a ga irin wannan kamu an shekara bakwai.

Arzika ya tsaya a gaɓa yana kallo, yawunsa ya tsinke. Ya san sana'arsa sarai. Kifi mai kauri irin wannan kwana uku yake so a kan wuta ba yankewa. In aka kashe wutar a tsakiya, waje ya bushe ciki ɗanye, kafin kwana ɗaya ya kumbura ya yi tsutsa. Ko dai ya bar kifin ya wuce hannun Korau, ko kuwa wuta ta ci har ran zagaye.

Ya ce wa masunta, "Ku sauke duka."

Marka ta ce, "Maigida, jibi fa mai gari zai zo."

Ya ce, "Mai gari mutum ne mai tausayin gwauraye. Faɗa kawai zai yi. Kuma ba na ce miki ina nan ba?"

Ran kasuwa ta huɗu mai gari ya fito, dattawa na biye, ga ƙarti huɗu da gatura, ga jama'a a baya. Suka bi ta gidan Arzika, suka ga murhu huɗu da 'yar wuta kaɗan, suka sa albarka. Arzika ya shiga sahun dattawa da sabuwar riga. Suka bi ta gidan Korau, mai gari ya ɗaure fuska, amma ya ce a ci gaba. Tun kafin su kai gangare idanu suka fara ruwa. Suka ratsa gamba, sai ga murhu tara suna ci, kifi shimfiɗe a kai ya yi jawur yana ɗigar mai, ga Marka a tsakiya da itace a hannu, fuskarta baƙi ƙirin.

Mai gari ya ce, "Marka, ke da kika tsaya a gindin ɗorawa kina kukan murhu ɗaya? Wutar nan ta wa ce?"

Marka ta juya ta dubi Arzika, ta ba shi lokaci.

Arzika ya dubi sama, kamar mai duba hadari.

Mai gari ya ce, "Arzika, an ce ƙarafanka ne."

Ya ce, "Dā nawa ne, ranka ya daɗe. Kyauta na ba ta. Abin da mutum ya yi da kyauta kuma ba ruwan mai bayarwa."

Mai gari ya dubi Marka ya ce, "To, kin ji. Doka ba ta canja ba. A rushe duka taran. Daga yau ba ke ba banda."

Ƙarti suka gyara riƙon gatura. Marka ta ajiye itacen da ke hannunta, ta goge fuska da bakin zane. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da ja. Tambaya ɗaya ce, a gaban jama'a, don kada gobe a ce na taɓa kayan wani. Maigida Arzika, wuta tawa ce, na ji. Kifin da ke kanta fa?"

Arzika ya ji idon gari duka a kansa. Ya ce, "Naki ne mana. Ni ko ƙaya ba ni da ita a nan."

"Ka tabbata?"

"Sau nawa zan faɗa?"

Marka ta ce, "Kun dai ji." Ta ɗaga murya. "Jama'a, na sa ku tari wata guda, ku yafe mini. Tun da za a rushe murahun, kifin nan bai gama bushewa ba, gobe war haka ya lalace. Ni da tsohuwa ba za mu iya cinye shi ba. Kowa ya ɗauko ƙwarya ya ɗiba. Na ba ku, halak malak."

Ba a jira ta maimaita ba. Wanda ba shi da ƙwarya ya tuɓe hula. Mata suka kwance mayafi. Murhu na fari ya zama ƙarfe tsirara kafin a ce me.

Arzika ya cije leɓe. Ya ce a ransa murhu ɗaya ne, saura bakwai. Na biyu ya tafi. Ya ji gumi yana bin bayansa a cikin sabuwar riga. Mutanen gidan Korau suka iso su arba'in, kowa da masaki, suka rufe na uku da na huɗu. Baba Ranau ya zo wucewa da tarwaɗa biyu rataye a sanda, ya tsaya ya ce, "Arzika, kai ba za ka ɗiba ba? Matar nan akwai hannu. Ka ɗauki ko ɗaya ka kai wa iyali."

Arzika ya ce, "Na ƙoshi, Baba."

Sai Korau da kansa ya nufi murhu na ƙarshe, ya sa hannu biyu ya rungumo giwan ruwan nan, ya saɓa ta a kafaɗa, ya juyo yana dariya.

Arzika bai san lokacin da ya tsallake murhu biyu ba. Ya cafke wutsiyar kifin ya yi ihu, "Ajiye! Ajiye mini kifina, ɓarawon banza! Ku duka ku ajiye, nawa ne!"

Wuri ya yi tsit. Ba a jin komai sai man kifi yana ɗiga a wuta.

Marka ta ce, "Naka, Maigida? A kan wutata?"

Arzika ya dubi kifin da ke hannunsa. Bai saki wutsiyar ba.

Mai gari ya dube shi. Sa'an nan ya ce wa ƙarti, "Takwas ɗin nan na mai kifin ne, ku rushe su. Na tara na matar nan ne, kada wanda ya taɓa shi. Kifin da aka ɗiba an ɗiba, gama da bakinsa ya ce ba nasa ba ne. Itacen da ya tara a nan busasshe ne, a raba wa masu murhu ɗaiɗai, su bar hura ɗanye. Maganar barin sana'a kuwa, Arzika, ka zo ka same ni da dattawa." Ya juya ga Korau, wanda har yanzu yake dariya da kifi a kafaɗa. Ya ce, "Kai ma rage dariyar. Yanzu kai ne mai shida, shi mai huɗu. Gobe da safe ta gidanka zan fara."

To, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kwarin nan duniya ce. Allah ya yi ta da sama ɗaya, bai yanka wa kowace ƙasa tata ba. Hayaƙin shi ne abin da masana'antu da motoci da injuna suke turawa sama, wanda masana suka ce yana ƙara wa duniya zafi, yana rikita damina, wani wuri ambaliya wani wuri fari. In aka tambayi mutanen kowace ƙasa ko a rage shi, yawanci sukan ce a rage. Sai an zo kan wa zai rage, nawa kuma zai rage, a nan ne hannuwa suke komawa cikin riga.

Arzika shi ne ƙasashen da suka daɗe suna hurawa har suka yi arziki da shi. Waɗansu a cikinsu sun rage na gida, wannan kuwa abin kirki ne in da gaske ne. Amma wanda ya mai da murhunsa bayan gidan wani, ana yi masa kaya a can yana saye, bai rage kome ba, wurin zaman hayaƙin kawai ya sauya. Korau shi ne ƙasashen da suke tasowa. Maganarsa ta bakuna arba'in gaskiya ce, Allah kuwa ba ya raina bakin da ke jiran tuwo. Sai dai gaskiyar jiya ba ta ba shi izinin ƙara itace har abada ba. Marka ita ce ƙasashen da suka fi kowa ƙarancin wuta, suka fi kowa shaƙar hayaƙi. Ba daidai ba ne a ce mata ta kashe ɗaya don mai sha biyu ya kashe ɗaya. Wanda ya fi hurawa, ya fi daɗewa, ya fi ƙarfi, shi ya kamata ya ɗauki babban kaso, ya kuma taimaki ƙarami ya gyara wutarsa.

Amma kada mu tashi daga nan muna nuna manyan ƙasashe da baki, muna jin daɗi mu ne Marka. A duniya wataƙila mu ne ita. A unguwa fa? Akwai wanda yake juya bututun janaretonsa ya fuskanci tagar maƙwabci, shi ya kwanta a iska mai daɗi. Akwai wadda take share ƙofar gidanta tas, ta kai sharar jikin katangar wani ta cinna mata wuta. Akwai mai ƙone daji guda don gafiya biyu. Kowannensu in ka tambaye shi, yana goyon bayan a rage. Ubangiji kuwa ba bango yake dubawa ba, balle farar ƙasa ta ruɗe shi. Ya san mai wutar, ya san mai cin kifin, ya kuma san wadda aka bari a tsaye a cikin hayaƙi.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk ran da aka zo rabon wani nauyi, a gida ne ko a ikilisiya ko a tsakanin ƙasashe, ka ji bakinka yana shirin cewa, "A raba daidai," dakata tukuna. Ka ɗauki rabon da ka tsara, ka sa kanka a wurin wanda ya fi kowa rashi a cikin taron, ka sake ji da kunnensa. In ka ji za ka iya cewa amin daga can, to, ka faɗe shi da ƙarfi. In kuwa amin ɗin ya maƙale maka a wuya, ba adalci ka kawo ba, kanka ka zo fitarwa.